Farfaɗiya da Abinci: Wane Tsari Ya Dace da Wane Majinyaci?

Da wuya ka shiga gidan da ake da mai farfaɗiya ka tarar babu abin da aka hana shi ci. A wani gidan naman akuya ne, a wani miya mai yauƙi, wasu kuma ƙwai da man shanu suke ɗauke wa yaro. In ka tambayi dalili sai a ce haka aka taso aka gani, ko kuma mai magani ne ya gindaya sharaɗin. Yanzu kuma waya ta kawo nata, masu cewa farin magi ne ke tayar da ciwon, da masu cewa a shiga keto, wato tsarin cin maiƙo da yawa da barin sitaci, a watsar da ƙwayoyin asibiti. Iyaye sun rasa na kamawa.

Abu biyu ake cakuɗawa a maganar. Akwai cire abin da ke iya tsokano ciwon daga cikin abincin yau da gobe, wannan kowa zai iya farawa a gida. Akwai kuma mayar da abincin kansa magani, a sauya shi kakaf yadda ƙwaƙwalwa za ta koma aiki da wani makamashi daban. Wannan na biyun aikin asibiti ne, kuma manyan nau'o'insa uku ne: keto na asali, tsarin Atkins da aka gyara don masu farfaɗiya, da tsarin abinci mai jinkirin ɗaga sukari. Hanyoyi huɗu ke nan, kuma ba kowace aka yi don kowa ba.

Kafin a auna su akwai tambayar da ita ce ke raba gardama: shin maganin asibiti ya gaza da gaske? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 50 ke da farfaɗiya a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 nasu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya zama ba tare da ciwon yana tashi ba in sun samu maganin da ya dace. Likitocin ƙwaƙwalwa ba sa cewa farfaɗiya ta gagari magani sai an gwada magunguna biyu da suka dace da irinta, an sha su yadda ya kamata, a adadin da ya kamata, amma ba ta tsaya ba. To a wurinmu sau da yawa ba a nan gizo ke saƙar ba. Magani ya ƙare ranar Laraba, ba a samu kuɗin sabo ba sai Litinin. Yaro ya ƙara kilo biyar amma adadin da ake ba shi na bara ne. An sayo ƙwaya a kasuwa, ba a san ingancinta ba. An ga wata uku lafiya lau sai aka daina. Duk wanda yake cikin ɗayan waɗannan, maganinsa bai gaza ba tukuna, kuma ɗora masa tsarin abinci mai tsanani wahala ce kawai. Haka nan taune-taunen da zazzaɓin cizon sauro ke jawo wa ƙananan yara, wannan ba farfaɗiya ba ce, zazzaɓin ake nema wa magani.

Hanya ta farko: abincin gida, a cire masu tsokana

Wannan ita ce ta mafi yawan mutane, kuma abin da za a cire bai kai yadda ake zato ba.

Giya ce a gaba, ta kwalba ko burkutu. Haɗarinta ya fi yawa bayan ta fara sakin mutum, tsakanin awa 6 zuwa 48 da shan ƙarshe, ga ta kuma da ɓata barci da sa mutum ya manta ƙwayarsa. Tiramol ba abinci ba ne, amma ba zan tsallake shi ba tunda ya zama ruwan dare a wurin matasa masu aikin ƙarfi: yana iya jefa wanda bai taɓa yin farfaɗiya ba cikin jijjiga, balle mai ita.

Sai yunwa. Ƙwaƙwalwa da sukarin jini take aiki, in ya faɗi ƙasa sosai tana iya rikicewa. Wannan ya fi shafar ƙananan yara, da masu ciwon sukari da ke yin allurar insulin ko shan ƙwayar rage sukari. Yaron da ya tafi makaranta bai karya ba, daren jiya kuma bai yi barci sosai ba, an haɗa masa abu biyu a lokaci guda.

Kafeyin yana cikin goro, shayi, Nescafe, da lemukan ƙara kuzari. Kofin shayi ɗaya da safe ba ya damun yawancin masu farfaɗiya. Inda ake samun matsala shi ne yawa, kamar gwangwani biyu ko uku na lemon kuzari a jere, ko shayin Buzaye zagaye uku bayan isha'i, ko ɗalibin da ke cin goro don ya kwana karatu. A nan ma rabin laifin na rashin barcin ne.

Garehul, babban lemon nan mai ɗaci-ɗaci, shi nasa daban ne. Yana hana jiki sarrafa maganin farfaɗiyar nan kabamazefin, wanda aka fi sani da Tegretol, sai maganin ya taru a jini, mutum ya riƙa jiri, yana gani bibbiyu, yana tangaɗi. Mai shan Tegretol ya bar garehul da ruwansa. Lemon zaƙi bai shiga wannan ba. Shi dai wannan maganin yana kuma iya rage gishirin jini, don haka ɗirkar ruwa lita-lita a lokaci ɗaya da sunan wankin ciki ba dabara ba ce ga mai shan sa.

Akwai 'ya'yan itatuwan da gubarsu ke kawo jijjiga ga kowa, mai farfaɗiya ko marar ita. Gwanja kusa wanda bai nuna ya tsage da kansa ba yana da gubar da ke karya sukarin jini warwas. A 1998 yara ƙanana da dama sun mutu a kudu maso yammacin Burkina Faso bayan amai da jijjiga, bincike ya danganta abin da cin ɗanyensa. Karambola, ɗan itacen da ke fitar da siffar tauraro in an yanka shi, shi ma yana jawo jijjiga ga masu ciwon ƙoda.

Ga kuma waɗanda ake zargi ba tare da hujja mai ƙarfi ba. Farin magi: an ga yana illa ga ƙwaƙwalwar jariran ɓeraye in an yi musu allurarsa da yawa, amma ba a tabbatar da cewa ɗan abin da ake barbaɗawa a miya yana tayar wa mutum farfaɗiya ba. Haka sinadarin asfatam da ake zaƙaƙa lemukan da ba su da sukari, an gwada shi a kan masu farfaɗiya ba a ga ya ƙara yawan tashin ciwon ba. Naman akuya, kuɓewa, karkashi, ƙwai, man shanu, babu ɗaya da likitanci ya kama da laifi. Abin takaicin ma shi ne ƙwai da man shanun da ake ɗauke wa yaro su ne ginshiƙin tsarin abincin da asibitoci ke magance farfaɗiya da shi.

Duk da haka jiki da jiki akwai bambanci. Wanda ke zargin wani abinci ya samu littafi, ya riƙa rubuta ranar da ciwon ya tashi, da ƙarfe nawa, me aka ci, awa nawa aka yi barci, an sha magani ko an tsallake, akwai zazzaɓi ko al'ada. Bayan wata biyu ko uku zai ga abin da ke maimaita kansa, kuma sau da yawa sai ka tarar layin barci ko layin magani ne ke da laifin da aka ɗora wa miya. Likita ma ya fi amfana da wannan littafin fiye da "ai tana yawan tashi".

Batun azumi yana zuwa duk shekara. Wasu suna jin cewa tunda yunwa ce asalin keto, azumin Ramadan zai taimaka. Awa 13 ko 14 da ake yi, a buɗe baki da dabino da kunu da ƙosai, ba ya kai jiki inda keto ke kai shi. Abin da azumi ke taɓawa shi ne lokacin shan ƙwaya da barci. Mai shan magani sau biyu a rana, likita yana iya mayar masa da shi sahur da buɗa-baki. Mai sha sau uku, ko wanda ciwonsa bai lafa ba, ya je ya ga likita tun cikin Sha'aban, kuma shari'a ta riga ta yi wa marar lafiya rangwame.

Kuɗin wannan hanya kusan babu, haɗarinta babu. Iyakarta ita ce ba ta magance farfaɗiya, tana dai rage abin da ke tunzura ta. Wanda magani biyu ko uku suka gaza a kansa, barin goro kaɗai ba zai ishe shi ba.

Keto na asali

Tun zamanin da likitoci suka lura cewa mai farfaɗiya in ya daina cin abinci na kwanaki ciwon yakan lafa. Matsalar ita ce ba a rayuwa da yunwa. A 1921 Dakta Russell Wilder na asibitin Mayo a Amurka ya kawo shawarar a yaudari jiki: a ba shi maiƙo da yawa, a hana shi sitaci da sukari, sai ya ɗauka yunwa yake ji. In sitaci ya yanke, hanta takan narka kitse ta fitar da wasu sinadarai da ake kira kiton, ƙwaƙwalwa ta koma amfani da su a madadin sukari. An yi amfani da tsarin sosai har zuwa 1938 da aka samo maganin fenitoyin, daga nan aka yi watsi da shi, sai 'yan asibitoci irin su Johns Hopkins da suka riƙe. Ya farfaɗo ne bayan 1993, lokacin da wani mai shirya fina-finai, Jim Abrahams, ya kai ɗansa Charlie asibitin bayan magunguna da tiyata sun gaza. Ciwon yaron ya tsaya, uban kuma ya kafa gidauniya da sunansa a 1994 don yaɗa tsarin.

Ƙa'idarsa lissafi ce. Ana cewa 4 da 1, wato duk giram 4 na maiƙo, giram 1 ne kacal na furotin da sitaci a haɗe. Kusan kashi 90 cikin 100 na kuzarin abincin daga maiƙo yake fitowa. Jarirai da matasa akan sassauta musu zuwa 3 da 1. Don a ga yadda abin yake a faranti, ɗauki abincin yaro mai kalori 400. Zai ƙunshi maiƙo giram 40, furotin da sitaci giram 10. Ƙwai ɗaya ya riga ya cinye giram 6 cikin goman nan, ya kawo maiƙo giram 5 kawai. Sauran giram uku zuwa huɗu su fito daga ɗan alayyahu ko kabeji, sannan a nemo inda za a cusa man gyaɗa ko man shanu cokali biyu da rabi na cin abinci. Abincin ke nan gaba ɗaya, ɗan mitsitsi, yana ninƙaya a mai, kuma dole yaro ya cinye har man da ya rage a kwano. Kowane abu sai an ɗora shi a sikeli mai auna giram, sau uku ko huɗu a rana. Tuwo, shinkafa, fura, koko, burodi, taliya, doya, rake, mangwaro, duk sun fita. Har maganin ruwa na yara sai an duba, domin galibinsu da sukari ake haɗa su, kuma in an kwantar da yaron a asibiti dole a gaya wa ma'aikata kafin a ɗaura masa ruwa mai sukari.

Yana aiki? Ga wasu, ƙwarai. A 2008 aka wallafa gwajin da aka yi a asibitin yara na Great Ormond Street a Landan, da yara 145 waɗanda magani ya gaza a kansu. Bayan wata uku, kashi 38 cikin 100 na waɗanda aka sa a tsarin ciwonsu ya ragu da fiye da rabi, a ɓangaren da ba a sa ba kuwa kashi 6 ne. Waɗanda ciwon ya ragu musu da fiye da kashi 90 sun kai kashi 7. A duba alƙaluman nan da kyau. Ga yaron da ke faɗuwa sau goma a rana, raguwar rabi babbar rahama ce. Amma mafi yawan yaran ba su kai ko rabin ba, kuma masu warkewa sarai 'yan kaɗan ne. Wanda ya ce maka keto na warkar da kowace farfaɗiya, ko bai sani ba ko yana da abin sayarwa.

Illolinsa kuma ba a ɓoye suke ba: taurin bayan gida, amai, kasala a makonnin farko, faɗuwar sukari, hawan kitsen jini, tsakuwar ƙoda ga kusan yaro 1 cikin 20, raunin ƙashi da tsayawar girma in an daɗe. Shi ya sa ake haɗa shi da ƙwayoyin bitamin da kalsiyam kullum, ana gwajin jini da fitsari da auna tsayi da nauyi kamar duk wata uku. Yaron da ke shan Topamax ko Diamox haɗarin tsakuwa ya fi yawa a kansa. A ƙasarmu mai zafi, inda yaro ke zufa daga Maris zuwa Mayu, wannan batun tsakuwa da ƙarancin ruwa ba abin wasa ba ne. Akwai kuma yaran da aka haifa jikinsu ba ya iya ƙona kitse yadda ya kamata. Irin waɗannan keto na iya halaka su, kuma ba a gane su da ido sai da gwaji. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai hana a fara shi a gida daga kallon bidiyo.

A ɗaya gefen, akwai cututtukan da keto ne maganinsu na farko, musamman wadda ake kira GLUT1, inda sukari ba ya iya tsallakawa cikin ƙwaƙwalwa sosai. Yana kuma yin kyau a wasu nau'o'in farfaɗiyar yara masu taurin kai, irin su Dravet da Doose da zaburar jarirai. Ya fi sauƙi ga jariri mai shan madara ta musamman ko yaron da ake ciyarwa ta roba, tunda ba ya miƙa hannu cikin kwanon wani.

Akwai wani reshe nasa da Dakta Peter Huttenlocher ya fito da shi a 1971, mai amfani da man MCT da ake tacewa daga kwakwa da ƙwarar manja. Man yana fitar da kiton da yawa, don haka ana samun damar ƙara ɗan sitaci. Sai dai yana murɗa ciki yana sa gudawa, yana da tsada, kuma man kwakwa na kasuwa ba ya maye gurbinsa daidai.

Atkins da aka gyara

A 2003 Dakta Eric Kossoff da abokan aikinsa a Johns Hopkins suka fara bayar da rahoton wani tsari mai sauƙi. An ajiye sikelin auna komai, an bar ƙidayar abu ɗaya: sitaci. Yaro giram 10 zuwa 15 a rana da farko, babba giram 20. Nama, kifi, kaza, ƙwai, a ci a ƙoshi, a kuma dage da mai. Ba a kwantar da mutum a asibiti don farawa, ba a taƙaita masa yawan abinci.

Giram 20 fa kaɗan ne ƙwarai. Dafaffiyar farar shinkafa giram 100, abin da bai wuce 'yan cokula ba, tana da sitaci kusan giram 28. Yankan burodi ɗaya wajen 13. Kwalbar lemo mai 35cl ta haura 35. Ayaba matsakaiciya ta wuce 20. Ƙaramin cokalin sukari ɗaya a shayi giram 4 ne. Ma'ana, tuwo da danginsa sun fita a nan ma. Abin da ya rage wa Bahaushe shi ne miya ba tuwo: miyar taushe ba kabewa da yawa, miyar agushi, miyar alayyahu da man ja, kwaɗon zogale ko rama da man gyaɗa da ƙuli kaɗan, soyayyen ƙwai, awara, kifi, balangu, farfesu, fiya, kwakwa, riɗi ba sukari. Kilishi da tsire sai an yi hattara, domin akwai ƙuli a jikinsu, wasu masu kilishin ma suna sa sukari ko zuma a laɓu. Gyaɗa da kindirmo suna shiga amma da ƙidaya.

Wannan tsari shi ya buɗe wa manya ƙofa, domin babba da wuya ya jure keto na asali. Wani gwaji da aka yi a babban asibitin AIIMS na New Delhi, aka wallafa a 2023, ya haɗa matasa da manya 160. Bayan wata shida, kimanin kashi 26 cikin 100 na masu Atkins tare da maganinsu ciwon ya ragu musu da fiye da rabi, masu magani kaɗai kuwa ba su kai kashi 3 ba.

Aibinsa a wurinmu aljihu ne. Gero da masara su ne abinci mai araha, su ke cika ciki. Wanda aka ce ya bar su ya koma nama da ƙwai da kifi sau uku a rana, an ninka masa kuɗin cefane. In kuɗin nan zai sa a kasa sayen maganin farfaɗiya irin Epilim ko Keppra na wata, an yi asara biyu. Illolin jiki kuwa irin na keto ne amma da sauƙi, kuma shi ma yana buƙatar bitamin da gwajin jini.

Mai jinkirin ɗaga sukari

Wannan ya fito daga babban asibitin Massachusetts da ke Boston, ta hannun Dakta Elizabeth Thiele da masaniyar abinci Heidi Pfeifer, an wallafa sakamakon farko a 2005. Manufarsa a hana sukarin jini hawa da sauka, ko da kiton bai fito da yawa ba. Ana yarda da sitaci giram 40 zuwa 60 a rana, da sharaɗin ya zama irin wanda ke shiga jini a hankali. Akwai ma'aunin da ake jera abinci a kai, tsantsar gulukos tana 100, kuma abin da ke ƙasa da 50 kaɗai ake ci. Farar shinkafa da farin burodi suna sama da 70. Wake, gyaɗa, waken suya, madara da kindirmo marar sukari, da yawancin ganye suna ƙasa. Tuwon gari mai laushi, koko da kunu galibi sun haura iyakar, tunda duk hatsin da aka niƙa lukui aka dafa ya yi taushi da sauri yake zama sukari. Maiƙo a nan kusan kashi 60 ne cikin 100, kuma da kofi da cokali ake aunawa.

Ga gidan da ake ci a kwano ɗaya, wannan ne kaɗai cikin ukun da ke kama da abincin mutane. Yaro zai iya cin ɗan dafaffen wake da mai da yaji, alala ƙarama, kindirmo, ya zauna cikin 'yan uwansa ba tare da ya ji an ware shi ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga yaron da dama ana gudunsa a makaranta saboda camfin cewa yawunsa na yaɗa ciwon, alhali farfaɗiya ba a ɗaukarta.

Hujjarsa ba ta kai ta keto yawa ba, amma akwai gwaji ɗaya da ya dace a sani, domin ya haɗa ukun gaba da gaba, kuma a ƙasar da ita ma hatsi ne abincinta. A AIIMS ɗin dai aka yi shi, aka wallafa a 2020, yara 158 suka kammala makonni 24. Matsakaicin raguwar tashin ciwon ya kama kashi 66 ga keto, 54 ga mai jinkirin sukari, 45 ga Atkins. Waɗanda suka samu illa kuwa, fiye da rabi ne a keto da Atkins, kashi ɗaya cikin uku a mai jinkirin sukari. Masu binciken ba su iya tabbatar da cewa sauran biyun sun yi daidai da keto ba, wato keto na nan a gaba wajen ƙarfi. Amma tazarar ba ta da faɗi, kuma tsarin da iyali za su iya riƙewa shekara biyu ya fi wanda za a yi mako uku a gaji.

To wa zai ɗauki wanne?

Wanda maganinsa ke riƙe shi, ko wanda bai taɓa shan magani a jere ba tare da yankewa ba, ya tsaya a hanya ta farko. Ya ci abincin gidansu a kan lokaci, ya yi barci, ya bar giya da tiramol da lemon kuzari, ya mayar da ƙwai da naman da aka hana shi.

Jariri ko yaro ɗan ƙasa da shekara biyu da magunguna suka gaza a kansa, ko wanda aka gano yana da GLUT1, keto na asali ne nasa, kuma sai a inda akwai likitan ƙwaƙwalwar yara da masanin abinci da ɗakin gwaji a wuri ɗaya. Asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya, na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko babban asibitin ƙasa na Yamai, su ne wuraren da za a fara tambaya. A tambaya kai tsaye: akwai wanda ya taɓa bin yaro a kan wannan tsari a nan? In amsar babu ce, ni a ganina kada a matsa.

Ɗan makaranta, matashi ko babba da magani biyu ko fiye suka gaza, zaɓinsa tsakanin Atkins ne da mai jinkirin sukari. In gidan na da halin nama da ƙwai kullum, shi kuma majinyacin da kansa ya yarda, Atkins ya fi kusa da keto wajen fitar da kiton, kuma shi aka fi gwadawa a kan manya. In hali matsakaici ne, ko yaron mai yawo ne gidan kaka da maƙwabta inda za a miƙa masa alewa don tausayi, mai jinkirin sukari ya fi yiwuwa. In an fara da mai sauƙin aka ga alamar ci gaba amma bai isa ba, ana iya tsanantawa daga baya.

Wasu kuma a dakata musu gaba ɗaya har sai likita ya duba: yaro mai tamowa ko wanda nauyinsa ya gaza, mai juna biyu, mai ciwon ƙoda ko hanta, mai ciwon sukari da ke kan insulin. Kuma in hoton ƙwaƙwalwa ya nuna tabo ko ƙari a wuri ɗaya da za a iya cirewa, maganar tiyata ta riga maganar abinci.

Duk wanda aka zaɓa cikin ukun, ana ci gaba da shan ƙwaya kamar yadda aka saba. Yanke maganin farfaɗiya farat ɗaya, musamman fenobabiton, yana iya jawo jijjigar da ba ta tsayawa, wadda ke kashewa. Ana ba tsarin wata uku ana rubuta kowane tashi a littafi. In ba a ga canji ba, a janye shi a hankali cikin 'yan makonni a koma abincin gida. In an ga amfani, akan ci gaba har kimanin shekara biyu, kuma a cikin wannan lokacin ne likita zai duba ko akwai ƙwayar da za a fara ragewa.